Ranar da Mata Suka Karanta Sunan Ɗan Farina a Bango

Ba zan taɓa mantawa da Larabar da aka yaye mu daga ajin koyon waya ba, ko da ƙwaƙwalwata za ta zubar da komai ta bar abu ɗaya. Na sha kunya a rayuwata kamar kowa. Zanina ya taɓa kwancewa a tsakiyar kasuwar Maigatari, na taɓa yi wa surukin ƙanwata faɗa a mota ban san shi ba ne. Waɗannan duk kunyar da mutum zai karkaɗe jiki ya wuce ce. Ta ranar Laraba kuwa a jikin bango aka haska ta, da baƙaƙe manya kamar tafin hannu, ɗaki cike da mata, kuma ni da yatsana na danna.

Bari in gaya muku ko ni wace ce, don ku san tsayin inda na faɗo. A Gumel aka haife ni, a nan na yi aure, a nan furfura ta same ni. Sana'ata sayen riɗi da zoɓo da kaka, in adana, in fitar in kasuwa ta yi kyau. Ba ni da rufa-rufa. In kika yi abin da bai dace ba a gabana, a nan za ki ji, ba sai kin ba da baya ba. Ban taɓa zama a aji ba sai da na cika shekara arba'in da shida, na shiga makarantar yaƙi da jahilci, gwiwoyina suna ciwo a kan benci ina ba bi bu da ƙarfi kamar mai tallan kunu. Da na iya kuma sai na zame wa unguwa fitina. Gida-gida na bi ina jan mata zuwa aji, wadda ta ce mijinta ya hana in je in same shi a majalisa. (Akwai mazan da har yau in sun hango ni suke sauya lungu, kuma ban damu ba.)

Abu ɗaya ne boko bai taɓa mini ba, kunyar ɗan fari. Mu haka muka taso. Ɗanka na fari ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa a gaban mutane, in ya faɗi a gabanka sai ka kalli wani wuri har wani ya ɗaga shi. Nawa da aka yaye shi, yayar mijina, Gwaggo Asabe, ta zo daga Sule Tankarkar ta goya shi ta tafi da shi riƙo. Ina cikin ɗaki ina tankaɗe, ban fito ba. Ta kafar asabari kawai na hango ƙafafunsa biyu suna lilo a ƙugunta har suka sha kwanar zaure. Ranar tsofaffin gidan suka yi ta yabona, wai an sami yarinya mai kunya. Na karɓi yabon nan na rungume, shi na goya a madadinsa.

Ya tashi yana kiran Gwaggo Inna, ni kuma yana ce mini Yaya. Ni in zan ambace shi sai in ce ɗan Gwaggo, ko mutumin Sule Tankarkar. Ya yi karatu, ya zama likitan dabbobi, yana aiki a wata cibiyar bincike can wajen Jos. Lokacin da Gwaggo take da rai, duk Sallah yana zuwa, ya biyo ta Gumel ya tsaya kamar rabin awa. Ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Ina wuni, Yaya."

"Lafiya. An zo lafiya? Ya mutanen can?"

Idona a kan faifai nake faɗar haka, ina tsintar tsakuwar da babu ita a cikin shinkafa. Ya ajiye tsarabarsa, ya shiga wajen ƙannensa su yi ta dariya, ina jiyo su ta taga. Shekara uku ke nan da Gwaggo ta rasu. Ya zo gaisuwa, ya koma, bai sake takowa ba. Ban ga laifinsa ba. Wadda take jan ƙafarsa zuwa ƙasar nan tana ƙarƙashin ƙasa, ni kuwa me na taɓa ba shi da zai hau mota tun daga Jos ya zo ya karɓa?

Da a ce na yi shiru da kunyata a ɗakina, da abin ya zo da sauƙi. Amma ni ce mai tsaron al'adar a duk inda mata suka taru. Ina da aminiya, Hajiya Gambo, 'yar Damagaram ce da aure ya kawo ta Maigatari, tare muke saye da sayarwa fiye da shekara ashirin. Ranar sunan jikanta, 'yarta mai jego ta ɗauki jaririn a gaban jama'a tana sumbatarsa tana kiran sunansa har da ƙari, wai nawa ni kaɗai. Na ajiye kwanon fankasau na wanke ta tas.

"Ke, ɗan fari ne fa. A gaban iyayenki? Ina kika kai idonki?"

Yarinya ta sunkuyar da kai, ido ya kawo ruwa. Gambo ta taɓo ni. "Mutuniyar, ki bar ta, zamaninsu ne."

"Zamanin banza. Ni shekara talatin da takwas da haihuwar wancan, a cikinku wa ya taɓa jin sunansa a bakina?"

Kuma gaskiya na faɗa. Na ɗauki kwanona na ci gaba da ci, ina jin kaina kamar wata sarauniya.

Bayan wannan da 'yan watanni aka buɗe ajin koyon waya a cibiyar mata ta Gumel, sau ɗaya a mako, aka ɗebo mata daga Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, yawancinmu 'yan yaƙi da jahilci. Mai koya mana Malama Rifkatu, ma'aikaciyar ƙaramar hukuma ce, mutuniyar Filato, amma ta daɗe a Gumel har ta fi wasunmu sanin lungunanta. Mace mai haƙuri. (Duk wadda ta koya wa mata hamsin masu jikoki yadda ake shafa gilashin waya ba tare da an danne shi kamar ana kashe kiyashi ba, ta cancanci a yi mata addu'a.) Ita ta nuna mana intanet, ta ce kowane shafi gida ne, kowane gida da adireshinsa. Ta nuna mana wani farin akwati a saman waya, ta ce akwatin bincike ke nan, in ba ki san adireshi ba, rubuta abin da kike nema a ciki zai nemo miki.

A aji mata suka yi ta rubuta sunan atamfa da yadda ake cincin. Ni na rubuta farashin riɗi, na rufe wayata kamar ba abin da ya dame ni. Da na koma gida na yi la'asar, na sa sakata, na zauna a bakin gado. Akwatin nan yana kallona, wani ɗan tsinke yana ƙiftawa a cikinsa yana jira. Na daɗe. Sannan na sa yatsa na rubuta sunan, baƙi bayan baƙi, da sunan babansa. (Kada ku sa ran zan rubuta muku shi a nan. Wane zan ce, ku yi haƙuri da hakan.) Tun ranar da liman ya raɗa masa shi, sunan nan bai taɓa fita daga jikina ta ko'ina ba sai ranar.

Sai ga shafin cibiyarsu a sama. Na taɓa. Hotunan ma'aikata suka jero, na ja ƙasa, na ja ƙasa, sai ga shi cikin farar riga irin ta likitoci, ya ɗan karkata kai. Goshin na babansa ne. Amma bakin nawa ne, har yadda leɓen ƙasa ya ɗan turo kamar mai shirin musu. Shekara talatin da takwas ban san ɗana da bakina yake yawo ba, don ban taɓa kallon fuskarsa ya wuce ƙiftawar ido ba. Ranar na kalla har aka kira magariba.

Daga nan ya zama mini kamar wuridi. Kullum bayan la'asar, sakata, bakin gado, akwati, suna, shafi, fuska.

Wata rana a aji shafin ya ƙi buɗewa a wayata, Malama ta zo dubawa ta ga sunan cibiyar. Na yi maza na ce maganin tsutsar awaki nake nema. (Rabona da kiwon akuya tun kafin a yi mini jika.) Ta yi 'yan danne-danne ta miƙo mini.

"Hajiya, tunda kullum nan kike zuwa, ga shi na ajiye miki a fuskar waya. Taɓawa ɗaya kin shiga. Ba sai kin bi ta akwati ba."

Ta juya ga aji ta mai da ni darasi. Ta ce mutane da yawa haka suke yi, har masu digiri a ofishinsu. Sun san gidan, sun san ƙofarsa, jiya ma can suka wuni, amma kullum sai sun koma tasha sun tambayi ɗan acaɓa ina ne gidan wane. Ta ce ɓata lokaci ne da ɓata data, kuma wata rana ɗan acaɓan zai kai ka gidan da ya yi kama da shi, ka shiga hannun 'yan damfara.

Ni kuwa a mai da ni misali in yi shiru? Na gyara mayafi. "Malama, ni ba na dirga wa mutane gida ta katanga. Ta zaure nake shiga, da sallamata."

Aji ya kwashe da dariya, Gambo har da tafi. Daga ranar akwatin bincike ya koma zauren Hajiya a bakin 'yan ajinmu. Na ji daɗin na yi nasara, amma ƙarya na yi musu. Gaskiyar ita ce, ɗan tambarin da Malama ta ajiye mini ba ya tambayata wa nake nema. Taɓawa ɗaya ya jefa ni ciki kamar buhu. Adireshin ma na haddace shi, babu sunan ɗana a cikinsa, sunan ma'aikata ne da ɗige-ɗige. Akwatin ne kaɗai a duk faɗin duniyar nan yake tsayawa ya jira in faɗi wanda nake so, kuma in na faɗa ba ya kallona.

Da tafiya ta yi tafiya sai sunan kaɗai ya daina isata. Na fara ƙara kalma ɗaya a bayansa, sai biyu, sai magana sosai. Abin da na lura, duk abin da na ƙara, muddin sunan yana gaba, shafin nan dai yake kawo mini a sama. In tambaye shi ko ya ci abinci, ya nuna mini fuskarsa. In tambaye shi ko yana fushi, ya nuna mini fuskarsa. Amsar ba ta taɓa sauyawa ba, ni ma ban taɓa gajiya da ita ba.

Na san akwatin yana ajiye abin da aka rubuta, kada ku ɗauka jahilci ne ya kashe ni. Da ka taɓa shi tsofaffin layukan suke zubowa a ƙasa. Malama ta koya mana yadda ake gogewa, ta ce kowace mace ta riƙa share zaurenta. Na gwada sau ɗaya. Wayar ta tambaye ni wai in cire wannan? Sunansa ne fa a wurin. Na ce a'a, na kife ta a kan katifa.

Ranar yaye ta zo. Aka cika ɗakin taro da kujerun roba, aka ɗaura labule a tagogi don majigi ya fito sosai. Matan Maigatari suka zo a bas guda, na Gagarawa da na Sule Tankarkar a tasu, kowa da anko. Ni aka zaɓa, a matsayin wadda ta fi kowa ƙoƙari, in nuna wa manyan baƙi yadda mace za ta shiga shafin da ake duba farashin amfanin gona da wayarta. Za a haɗa wayata da majigi, duk abin da na taɓa ya fito a bango. Sau uku muka gwada da Malama ana gobe.

"Hajiya, koren tambarin nan za ki taɓa. Shi kaɗai. Don Allah gobe a bar zauren nan ya huta."

"Malama, yarinya kika mai da ni?"

An ce ƙarfe biyu za a fara. Babbar baƙuwa, matar wani babba a ƙaramar hukuma, ba ta iso ba sai da muka yi la'asar a tabarmi a bayan ɗakin. Aka yi jawabai, aka kira ni. Na fito cikin leshina sabo, na karɓi makirfo, kuma maimakon in yi abin da aka sa ni, sai da na yi wa'azi. Na ce mace in ta yi karatu ba ta da abin ɓoyewa, ba ta da abin tsoro. Na ce ni nan da kuke gani, cikina da wajena ɗaya ne. Aka tafa. Ina cikin jin daɗin tafin, idona a kan jama'a, na sa yatsa a waya.

Yatsan nan bai san taro ba. Abin da ya sani, an yi la'asar, waya tana hannu. Ya wuce koren tambari ya tafi inda ya saba.

Ban ma lura ba da farko. Fuskokin mata na ga sun ɗaga sama, bakuna sun fara motsi. Wanda bai zauna da sabon mai karatu ba ba zai gane ba. Mu da muka koya da girma ba ma iya ganin rubutu mu ƙyale shi, ko a bayan tirela ne, ko a buhun siminti, kuma ba mu iya karatun zuci ba, da baki muke yi. Wata tsohuwa 'yar Gagarawa a layin gaba, Iya Tabawa, ita ta fara, yatsanta a sama tana bin baƙaƙen. Sauran suka ɗauka, a tare, a hankali, yadda aka koya mana a aji.

"Wa-ne ɗa-na."

Na juya. Ga su nan a jere daga saman bango har ƙasa, kowane layi da sunansa a gaba.

"Wane ya rame ne ko hoto ne."

"Wane akwai sanyi a Jos ka sa rigar sanyi."

Dariya ta fara tashi daga baya. Wata daga cikin matan Sule Tankarkar ta ce da ƙarfi, "Ai ɗan Gwaggo Asabe ne, likita. Ɗan farinta ne." Dariyar ta ƙaru. Na hau danna waya ta ko'ina don in rufe, sai na ja layukan sama, waɗanda suke ɓoye a ƙasa suka fito.

"Wane wa yake yi maka tuwo."

"Wane yaushe za ka zo Gumel."

Malama Rifkatu, Allah ya saka mata, ta ruga ta tsaya a gaban majigin ta buɗe hannuwa don ta tare. Sai rubutun ya sauka a kan farar rigarta. Iya Tabawa ba ta ga dalilin tsayawa ba, ta matso da kujera ta ci gaba da karantawa a ƙirjin Malama, mata suna bin ta.

"Wane na ga ƙafarka ranar da aka tafi da kai."

A nan dariyar ta fara mutuwa. Layi na ƙarshe muryoyi kaɗan ne suka kai shi, kuma ƙasa-ƙasa.

"Wane ba ƙin ka nake ba."

Malama ta fizge igiyar, bango ya koma fari. Ɗakin ya yi tsit, har ana jin kukan fanka. Babbar baƙuwa ta sunkuya tana neman wani abu a jakarta da na tabbata babu shi. Can na hango 'yar Gambo, wadda na wanke ranar suna, da yaronta a cinya, tana kallona. Da ta yi mini dariya da na ji sauƙi. Ba ta yi ba.

Uwarta ce ta fasa shirun. "Mutuniyar, ashe a baki ne ba mu ji ba. A yatsa kam har da hira."

Makirfo yana hannuna har lokacin. Sai halina ya zo ya cece ni, ko ya ƙarasa ni. Na ce, "To, kun karanta? Babu wadda ta yi tuntuɓe? Malama, a ba su satifiket, sun iya." Na ajiye makirfo a kan tebur, na zare wayata, na bi ta tsakiyar kujeru na fita, kaina a sama. Sai da na kai bakin titi na ga da takalmin wata na fito, ƙafa ɗaya.

Kwana huɗu ban leƙa ko zaure ba. Na ce wa yaran gida zazzaɓi nake. A rana ta biyar Malama ta yi sallama, ta kawo mini satifiket ɗina a cikin leda. Ta zauna a tabarma, ta sha ruwa, ba ta yi mini jaje ba, abin da ya sa na ƙara ganin girmanta.

"Hajiya, ni ɗan farina Bitrus, a wuni sai in kira sunansa sau hamsin, rabi duk faɗa ne. Ban ce tawa ta fi taki ba. Amma akwai abin da ya kamata in gaya miki tun a aji." Ta ajiye kofin ruwan. "Akwatin nan ba ya kai saƙo. Duk abin da kika rubuta, ko ɗaya bai je wurinsa ba."

"Na sani," na ce.

Na sani ɗin. Amma da ta faɗa, wani abu ya faɗi a cikina. Ashe akwai wani lungu a zuciyata, inda karatu bai kai ba, da yake zaton tunda fuskarsa ake nuno mini, wataƙila shi ma ana ɗan nuna masa wani abu.

Washegari Gambo ta zo daga Maigatari, ta shigo ba ko kunya, ta zauna a kan gadona ta cire mayafi.

"Na zo ki zage ni in koma, mota tana jira. Ranar nan na ɗauki hoton bangon da salulata. Na karɓi lambarsa wajen matan Sule Tankarkar. Na tura masa."

Abin da na gaya wa Gambo ranar ba zai rubutu ba. Na tono mata tun daga kakanninta na Damagaram. Ta bari na gama, tana cin gyaɗata.

"Kin gama? Lakwal ɗin nan, makarantar da kika ja mu muka shiga, amfaninta ke nan. Ke kin rubuta wasiƙa wata shida kin rasa mai kai miki, ni na kai. In ramuwa ce kike zato, eh, akwai ta a ciki kaɗan, 'yata kika sa kuka. Sauran kuwa tausayinki ne, uwar taurin kai."

Kwana biyu babu labari. Na ce shi ke nan, ya gani ya ji kunyata, ko ya ce tsohuwa ta fara ruɗewa. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci waya ta yi ƙara, lambar da ban sani ba. Na ɗauka da muryar ciniki, na zaci masu riɗi ne.

"Ina wuni, Yaya."

Na nemi faifai in kalla, babu. Na kalli bango.

"Lafiya. Ya mutanen can?"

"Lafiya lau." Ina jin numfashinsa. Can ya ce, "Hoton nan nawa na shafin cibiya ya tsufa fa. Ya kai shekara shida. Yanzu na yi ƙiba, har furfura ta fara."

"Wa ya tambaye ka?"

"Babu. Rigar sanyi ma ina sawa. Tuwo kuma maman yara tana yi, sai dai miyar kukarta sai a hankali."

"Kukar can ce ba ta da kyau. Ba laifinta ba ne."

Ya yi wata 'yar dariya, ta katse a tsakiya. Da ya sake magana muryar ta sauya. "Ni duk zatona ba kya ko son ganina. Inna ta sha gaya mini al'ada ce, na ce al'ada ai tana da iyaka. Har na yi aure na haihu ban taɓa ganin kin kalle ni ba."

Ina da amsar kowa a garin nan. Na yi musu da dillalai, na yi da masu unguwa. Ranar bakina ya ƙi buɗuwa, sai hawaye suke sauka a kan leshin da ban ma cire daga bakin gado ba tun Larabar yaye.

"Yaya, kina ji?"

"Ina ji."

"In an yanke riɗi zan ɗauki hutu in kawo yaran. Amma ina da roƙo. Abin nan da kika rubuta a farkon kowane layi, sunana. Ki faɗa da baki in ji."

"Kai, kuɗin wayarka ne yake ƙonewa a banza."

"To, in na zo."

Bai sa rana ba, ni ma ban tambaya ba. Riɗi yanzu ya fara fure a gonakin hanyar Gagarawa, duk wanda ya fito daga can sai na tambaye shi ya ya ga kaurin riɗin, har an fara cewa Hajiya bana da wuri za ta shiga kasuwa.

Darasin da na koya, ga shi kyauta. In kina da maganar da ta yi shekaru a ƙirjinki, ki kai wa mai ita ko da muryarki za ta karye, don in kika ba na'ura ajiya, ranar da za ta mayar miki a gaban jama'a za ta mayar, kuma ba za ta rage ko wasali ba. Ni dai yanzu bayan la'asar ɗakin ajiya nake shiga, in rufe ƙofa, in tsaya a gaban buhunan zoɓo in gwada da baki. Jiya na kai rabin sunan kafin in waiga in ga ko akwai mai ji. Rabi ya rage, riɗi kuma ba ya jira.